Dattijuwar Gwiwar Kogi da Ɗalibarta Mai Rula

A Jihar Alabama, can kudancin Amurka, akwai wani ƙauye na baƙaƙen fata wanda Kogin Alabama ya yi wa ƙawanya ta fuska uku. A takardun gwamnati sunansa Boykin, amma duniya ta fi saninsa da Gee's Bend, watau gwiwar kogi ta Gee. A nan ne wata dattijuwa take zaune, wadda shekarunta suka haura 70. Sau uku ko huɗu a shekara wasiƙa ta kan zo mata daga wata ƙungiyar mata masu aikin hannu, suna roƙonta ta zo ta koya musu ɗinkin bargon ƙyallaye irin na garinsu. Ba ta cika ƙi ba, domin ladan koyarwar kwana uku ya kan biya mata kuɗin wuta da na magani har na watanni, ga ta kuma da son mutane. Amma shekara da shekaru, duk ran da ta ɗaure kayanta za ta fita, akwai wata tambaya da ke rako ta har bakin mota, watau mene ne ainihin abin da take sayar wa matan nan?

Kafin a kai ga wannan tambaya, ya kamata mai karatu ya san irin bargon da ake magana a kai. Ba saƙa shi ake yi ba kamar luru ko gwado. Hawa uku gare shi. Na sama ƙyallaye ne da aka harhaɗa da allura har suka zama shimfiɗa ɗaya, na tsakiya auduga ce da aka baza, na ƙasa kuwa shafi ne. Sa'an nan a bi duka ukun da ƙananan ɗinki, layi bayan layi, don kada audugar ta dunƙule wuri ɗaya in an wanke. Wanda ya taɓa ganin lifidin doki ran hawan salla ya riga ya ga ɗan'uwan wannan aiki, sai dai shi lifidi don tare kibiya aka yi shi, wannan kuwa don tare sanyi.

Sanyi da rashi kuwa, mutanen ƙauyen nan sun san su tun kaka da kakanni. A shekarar 1816 wani Bature mai suna Joseph Gee ya kafa gandun auduga a wurin, ya zuba bayi. A 1845 gandun ya koma hannun Mark Pettway, wanda ya taso daga Karolina ta Arewa da bayi kimanin 100, yawancinsu a ƙafa. Shi ya sa har yau gidaje da yawa a ƙauyen sunan Pettway suke amsawa, domin sunan ubangida ne ya manne wa bayinsa. Da aka hana bauta a 1865 ba su tashi ba, suka ci gaba da noman ƙasar da ba tasu ba, suna cin bashin iri da abinci wurin wani ɗan kasuwa na Camden, garin da ke tsallaken kogi. Da farashin auduga ya faɗi warwas, ɗan kasuwan kuma ya mutu, sai a 1932 aka zo karɓar bashi, aka kwashe musu alfadarai da shanu da kaji da garemani, har da abincin da suka ajiye. Da agajin ƙungiyar Red Cross suka ga ƙarshen wannan hunturu. Hotunan da Arthur Rothstein ya ɗauka a 1937 sun nuna ɗakunan katako waɗanda aka lilliƙe bangonsu da tsofaffin jaridu don toshe iska. A irin wannan ɗaki mace mai 'ya'ya goma tana bukatar barguna masu yawa, alhali ba ta da kuɗin yadi ko ɗaya. Abin da take da shi ke nan, tsohon wandon gona, da rigar da ta mutu, da buhun gari ko na taki.

Ita dattijuwar nan, babu wanda ya taɓa zaunar da ita ya ce yau za a koya mata ɗinki. In an gama cirar auduga sanyi ya shigo, sai matan unguwa su yi gayya gida gida. Kowace ta riga ta harhaɗa saman bargonta ita kaɗai da dare, ran gayya kuwa a miƙe shi bisa katakai huɗu, a zauna kewaye da shi, ana ɗinki ana waƙoƙin coci. Aikin yara shi ne su zura zare a allura, su bubbuge auduga da sanda har ƙura ta fita. Daga ƙarƙashin katakan nan ta fara kallon ɗinki, tana ganin allura ta ɓullo ta koma. Tana da shekara 12 ta haɗa bargonta na fari, a 1962, shekarar da aka tsayar da jirgin fiton ƙauyen, sa'ad da baƙaƙen fata suka fara tsallakawa Camden don neman a rubuta sunayensu cikin masu jefa ƙuri'a. Tafiyar 'yan mintoci bisa ruwa ta koma zagayen kusan mil 40, haka aka zauna shekara 44, sai a 2006 jirgin ya dawo. Tana budurwa Martin Luther King ya zo ƙauyen a 1965, da aka kashe shi kuma a 1968 alfadarai biyu na Gee's Bend ne suka ja keken da ya ɗauki gawarsa a birnin Atlanta.

Cikin wannan gwagwarmaya ne bargon ya fara zama kayan sayarwa. Wani limamin Kirista mai suna Francis Walter ya ga barguna a shanye bisa igiya, ya riƙa saye dala 10 kowane, aka yi gwanjonsu a New York, kuɗin ya dawo wa matan. A watan Maris na 1966 aka kafa ƙungiyar haɗa kai mai suna Freedom Quilting Bee, watau gayyar ɗinki ta 'yanci, wadda Estelle Witherspoon ta daɗe tana riƙe da ragamarta. Mata da yawa a nan suka fara ganin kuɗin da ba na auduga ba. Amma kanti yana son bargo na ɗari ya fito daidai da na farko, saboda haka aka shigo da rula da abin awo. A nan ita ma ta koyi barin rubu'in inci a bakin kowane ɗinki, da yadda kusurwa za ta haɗu da kusurwa ba tare da kaucewa ba. A 1972 kamfanin Sears ya ba ƙungiyar kwangilar ɗinka rigunan matashin kai da wani yadi mai kauri mai layi layi, matan suka riƙa kwasar ragowar ƙyallayensa zuwa gida. Sai ɗinki ya rabu biyu, na rana don kanti, bisa awo, na dare kuwa don kansu, wanda suke kira "yadda na ga dama."

Akwai rana ɗaya cikin waɗannan shekaru da ba ta mantawa. Wani mai sayen kaya ya zo daga birni, ya ɗaga bargon mahaifiyarta gaban mata, ya ce layukansa sun karkace, ɗinkinsa ya yi tsawo, ba mai saye sai an warware an sake. Tsohuwar ba ta ce uffan ba. Ta naɗe kayanta ta koma gida, ta zauna tana warware aikin wata guda, 'yarta na riƙe mata da fitila.

Abin mamaki, irin bargunan da aka raina ran nan su ne daga baya suka fitar da sunan ƙauyen. A 2002 aka baje su a babban gidan nuna zane-zane na birnin Houston, daga nan aka kai su gidan Whitney a New York, masana suka yi ta kwatanta su da aikin manyan masu zane na zamani. A 2006 gidan waya na Amurka ya buga kan sarki iri 10 masu hotunansu. A 2015 gwamnatin ƙasar ta ba Mary Lee Bendolph da Lucy Mingo da Loretta Pettway babbar lambar girma ta masu sana'ar gargajiya. Suna kuwa bai zo shi kaɗai ba, ya zo da rigimar kuɗi, har wasu daga cikin matan suka kai ƙara kotu a 2007 kan abin da suka ce hakkinsu ne, aka rufe shari'ar a 2008. Tun daga lokacin ne kuma ƙungiyoyin masu aikin hannu suka fara aiko da wasiƙu.

Matan da ta kan tarar a wuraren koyarwa yawancinsu sun fi ta kayan aiki nesa ba kusa ba. Kowace ta zo da keken ɗinki mai lantarki, da ruloli iri iri, da wata wuƙa mai gungurawa kamar ƙafar keke wadda kamfanin Olfa na Japan ya fito da ita a 1979, mai yanka yadi hawa da yawa a tafiya ɗaya. Wasunsu sun shekara 30 suna ɗinki. Abin da suka biya kuɗi su koya kuwa shi ne yadda za su karkatar da layi. Wannan ne ke ci mata tuwo a ƙwarya, domin ta san mahaifiyarta ba ta taɓa karkatar da layi don ado ba. Yadin ne ya kan ƙare, sai a cike da abin da ke akwai. In mace mai ɗaki cike da sabon yadi ta zauna tana karkatar da layi da gangan, ashe ba talaucin tsohuwar nan take kwaikwayo ba? Ita kuwa mai koyarwa, ashe ba shi take sayarwa ba?

Don ta sami kwanciyar rai sai ta kafa dokoki biyu. Ta farko, tun a wasiƙa ta kan ce kada kowa ta sayi sabon yadi, kowace ta zo da tsofaffin tufafi biyar ko shida daga gidanta. Ta biyu, da safiyar ranar farko, bayan addu'a da waƙa, sai ta zagaya da kwando ta tattara ruloli da wuƙaƙen nan duka, ba mai ganin nata sai ranar tafiya. Ranar farko ta kan nuna musu yadda ake feɗe wando, a bi ɗinkinsa a buɗe ƙafafun, a ɓamɓare aljihu don a sami wurin nan mai duhu da rana ba ta taɓa ci ba, a ware gwiwar da ta koɗe, a ɗan tsaga bakin yadi da almakashi sa'an nan a yage da hannu, domin yadi ya san hanyar zarensa. Rana ta biyu a fara haɗi. Ta fi son fara musu da salon da mutanen garinsu ke kira rufin ɗaki, watau a sa ƙyalle mai kusurwa huɗu a tsakiya, a riƙa kewaye shi da dogayen ƙyallaye, zagaye bayan zagaye, in ɗaya ya gaza a ƙara masa da wani. Rana ta uku a miƙe aikin bisa katakai a yi masa gayya.

Haka ta yi ta yi, tana ganin ta sami mafita, har wata shekara da aka kira ta wani taro a Jihar Misisipi, mata wajen 20 a wani masauki na coci cikin daji. Cikinsu akwai wata Baturiya, tsohuwar malamar lissafi, mai ƙarancin magana, wadda aka ce ta sha cin gasar ɗinki, tana iya jera ɗinki 12 cikin inci ɗaya. Da kwando ya zo gabanta sai da ta yi jim kafin ta saka rularta. Da safiyar rana ta biyu dattijuwar na zagayawa sai ta ga aikin matar nan, layukansa a miƙe sak kamar an ja su a littafin makaranta, ga kuma hujojin allura a gefe, alamar an ɗinka an warware an sake. Ta ɗaga shi sama gaban kowa ta ce, "Ku duba nan, 'yan'uwa. Wannan ita ce cutar da na zo in yi muku magani. Tsoro ne ya ɗinka wannan bargo." Mata suka yi dariya. Ita mai aikin ta sunkuyar da kai, ta karɓi kayanta, ba ta ce kome ba.

Daren nan barci ya ƙi zuwa, ta fito neman ruwan sha, sai ta hangi wuta a ɗakin ɗinki. Ta leƙa, ta tarar da matar ita kaɗai, da ɗan abin awo na aljihu a hannunta, tana auna bayan wata riga, ta auna ta sake aunawa, almakashi na ajiye a gefe.

Ta ce mata, "'Yar'uwa, har yanzu ba ki kwanta ba?"

Matar ta yi firgigit, ta ce, "Ki gafarce ni, Malama, na karya dokarki. Rigunan mijina ne. Da ya rasu na ba da kayansa duka kafin in san zan neme su, huɗun nan kaɗai suka rage. In na yage na kuskure, ina zan samo wata?"

Dattijuwar ta jawo kujera ta zauna, ta daɗe ba ta yi magana ba. Ta tuna da bargon nan sananne na garinsu, wanda Missouri Pettway ta haɗa a 1942 da tufafin gonar mijinta bayan ya rasu. Sa'an nan ta tuna da abin da ta shekara tana gani tun tana yarinya amma ba ta taɓa faɗa wa ɗalibai ba, domin ita kanta ta manta. Mahaifiyarta ba ta taɓa yaga wando da gaggawa ba. Ta kan shimfiɗa shi bisa cinya, ta juya shi gaba da baya, ta auna da taƙi, ta auna da kamu, wani lokaci ta ajiye shi sai gobe. Ashe tsohuwar tana awo, rula ce kawai ba ta da ita. Karkatar da masana ke yabo ba ta zuwa sai bayan an ƙure duk wani tattali. Cikin mata 20 ɗin nan kuwa, wadda ta san zafin yadin da ba shi da madadi ita ce wannan da aka yi wa dariya. Laifi tudu ne, in ji masu magana, ka taka naka ka hango na wani. Abin da mai sayen kayan nan ya yi wa mahaifiyarta shi ta yi wa baiwar Allah nan, ba bambanci, sai dai shi ya ce a miƙe, ita ta ce a karkace.

Da gari ya waye, bayan addu'a, ba ta ta da waƙa ba. Ta ɗauko kwandon ta ajiye bisa tebur ta ce, "'Yan'uwa, jiya na yi wa ɗayarku rashin adalci a gabanku, saboda haka a gabanku zan roƙe ta gafara." Ta ba su labarin daren da ta riƙe wa mahaifiyarta fitila, abin da ba ta taɓa faɗa a wani taro ba. Ta ce in mutanen garinsu sun ce "yadda na ga dama," damar mai riƙe da allura suke nufi, ba ta malama ba. Wadda hannunta ya saba da rula ta zo ta ɗauki abarta. Mata uku ko huɗu suka tashi suka ɗauka, sauran suka bar nasu.

Da la'asar ta yi, bargon malamar lissafi ya kai zagaye na ƙarshe, kusurwoyinsa sun haɗu tsaf, sai ga shi a gefe ɗaya rigunan sun ƙare, saura wuri kamar faɗin tafin hannu. Duk awon da ta yi bai iya ƙara wa riguna huɗu ko inci ɗaya ba. Ta tsaya tana kallon wurin. Wata ta ce akwai kanti a gari, a je a nemo mai kama da shi, ta girgiza kai. Dattijuwar ta kama gefen tsohon ƙyallen da take ɗaurawa a ƙugu in tana aiki, shuɗi ne wanda ya sha wanki, ta tsaga ta yago ta miƙa mata. Matar ta karɓa, ta ɗora rula ta auna, ta daidaita bakinsa, ta ɗinke shi a gurbin. Rana ta uku duka matan suka zauna kewaye da shi suka yi masa gayya.

Tun daga wannan taro ba ta ƙara yawo da kwando ba. Doka ɗaya ta rage mata, ita ce kada a zo da sabon yadi, in na hannu ya ƙare kuwa a nemi cikon a wurin ta kusa. Tambayar nan da ke rako ta bakin mota ba ta ɓace gaba ɗaya ba, amma ta rage nauyi. Ta san ba za ta iya koya wa kowa sanyin ɗakin da aka liƙe da jarida ba, ba ta kuma yi wa kowa fatansa. Abin da take iya koyarwa shi ne mutum ya riƙe tsohuwar riga ya dube ta da kyau kafin ya sa mata almakashi, ya san wanda ya sa ta da irin aikin da ya yi a cikinta. Wannan kuwa gadon mahaifiyarta ne na halal, ba ta jin kunyar karɓar lada a kansa.

Damuwar da ta rage mata yanzu ta cikin gida ce. Samari da 'yan matan ƙauyen sun watse birane neman aiki, ga ta tana koya wa baƙi abin da jikokinta ba su tsaya sun koya ba. Idonta kuma ya fara rauni, ramin allura ya kan gagare ta. Akwai jikarta ɗaya da ke aikin asibiti a birni, ta kan zo ƙarshen wata. Kafin ta koma ta kan zauna ta zura zare a allurai 20, ta soke su a jere jikin labule inda hannu zai kai, ta ce, "Kaka, waɗannan za su kai ki mako guda, sauran sai ki kira yaran maƙwabta." Zuwanta na baya bayan nan, da ta gama zura zaren ba ta tashi nan da nan ba. Ta jawo wani tsohon wandon kakanta daga cikin buhu, ta shimfiɗa shi bisa cinya, ta tambaya ta ina ake fara buɗe shi. Dattijuwar ta ce ta juya shi tukuna ta dubi bayansa, ba gaggawa ake yi ba.